Ranar da Mama Ta Karɓe Muciya

A shekarar da Mama ta cika tamanin da ɗaya, bishiyoyin apepu huɗu da ke bayan gidanmu suka yi 'ya'yan da ban taɓa ganin irinsu ba, har sai da na tokare rassan da sanduna. Lemun ɗaci ne, ko aladen maƙwabta sai dai su shinshina su wuce. Amfaninsa ɗaya ne, dulse: a yanka ɓawon siri-siri, a jiƙa shi kwana uku ana sake ruwa har ɗacin ya ragu, sannan a dafa da sukari ya yi kauri, a ɗura a kwalabe a riƙa shafa wa burodi. Duk garin Yuty an san dulsen Ña Eulogia, wato mahaifiyata.

Sai dai tun bara mantuwa ta kama ta. Ta fara da ajiye mabuɗi a cikin garin rogo, ta kai ga tambayata ina Baba, wanda ya shekara goma sha biyu a ƙasa. Ni kaɗai ke tare da ita. Yayana Atilano, da ke aiki a Asunción, babban birninmu, ya samo mata gurbi a wani gidan kula da tsofaffi, ni kuwa na ce ba inda za ta. Duk sanda ya bugo waya sai in ce masa da sauƙi. Ranar Asabar ɗin nan ya ce zai zo ya gani da idonsa, a motar haya ta azahar.

Ɓawon ya riga ya cika kwana uku a ruwa, in ya ƙara zai lalace. Na ce bari in gama tun Mama na barci. Na hura wuta a murhun bulo da ke ƙarƙashin rumfa, na ɗora babbar tukunyar tagulla, wadda sai mutum biyu ke sauke ta in ta cika. Na ƙulla ƙwallayen lemun a tsumma na jefa ciki don ya yi yauƙi. Wajen ƙarfe tara sukari ya narke, tukunya ta fara tafasa tana tsartuwa. Ɗigo ɗaya ya faɗo mini a bayan hannu, nan take wurin ya tashi.

Sai na ji ana tafa hannu a bakin ƙofar shinge, yadda baƙo ke sallama a wajenmu. Na rage itace ɗaya, na jingine muciya, na tafi. Atilano ne tsaye da jaka. Wani abokinsa ya rage masa hanya.

"Zunilda, kin rame," ya ce.

"Kai kuma ka yi tumbi. Ba azahar ka ce ba?"

"Ina Mama?"

"Tana barci. Lafiyarta ƙalau, jiya ma ita ta ɓare mana rogo."

Na tsayar da shi da surutu a kan hanya da farashin mai, ina neman yadda zan shigar da shi ta ƙofar gaba kada ya ga wuta. Ya ɗaga hanci.

"Dulse kike yi? Da ita a gidan?"

Bai jira amsa ba, ya zagaya ta gefen gida, na bi shi. Muna shan kwana muka tsaya cik.

Mama ce tsaye a kan tukunyar, ba takalmi, da rigar barci da mayafin ulu a kafaɗa. Ta riƙe muciya da hannu biyu tana juyawa. Ta mayar da itacen da na cire, ta ƙara wasu biyu, kuma garin turawa ta gusar da bulo ɗaya. Tukunyar ta karkata wajen ƙafafunta. Gezar mayafin na lilo, tsakaninta da harshen wuta bai fi taƙi ɗaya ba.

Atilano ya yar da jaka zai ruga, na cafke rigarsa.

"Kada ka taɓa ta," na ce ƙasa-ƙasa. "In aka kama ta ba zato fizgewa take yi. Ta fizge, tukunyar a kanta za ta kife."

"Ta yaya kika sani?"

Na ƙara damƙe rigarsa.

Mama ta ɗago ta dube mu. Idonta tar, amma babu mu a cikinsa.

"Su wa ke nan? Ba a sayarwa yau, bai nuna ba."

"Mama, ni ne, Atilano."

"Atilano yana makaranta," ta ce, ta ƙara matsawa jikin tukunyar kamar za mu ƙwace mata. Muciya ta daki gefe, tukunyar ta girgiza, wani ruwan ya zubo a kan garwashi ya yi ƙara.

Na sake murya, na yi irin ta 'yan matan da a da ake turowa su koyi aiki a wurinta.

"Ña Eulogia, ina kwana. Ni ce 'yar Ña Petrona, ta ce in zo ki koya mini."

Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Petrona ba ta iya komai ba, nata kullum baƙi yake fita. Kin wanke hannu?"

"Na wanke."

"To matso, kada ki tsaya kamar turke. Wannan kuma wa?"

"Mijina ne, shi zai sauke mana."

"Da wannan tumbin?"

Na matsa a hankali ta gefen da tukunyar ta karkata. Zafin ya dake ni a fuska. Bulon ya kusa fita gaba ɗaya, gindin tukunyar a kan gefensa kawai yake zaune. Ba halin in gyara shi tana juyawa.

"Ña Eulogia, kawo mayafin in riƙe miki, kada ya yi warin hayaƙi."

"Sanyi nake ji."

"Ai mai kyau ne, sukari zai ɓata shi."

Ta ci gaba da juyawa. Gezar ta yi gaba ta dawo. Na ga zare ɗaya ya nannaɗe ya yi baƙi.

"Gaskiyarki," ta ce. "Atilano ne ya saya mini. Cire, amma kada ki ajiye a ƙasa."

Na zare shi daga kafaɗarta da yatsu biyu, na miƙa baya ba tare da na waiwaya ba. Na ji an karɓa.

"Ki ba ni muciyar in taya ki, hannunki ya huta."

"Wa ya ce miki na gaji? Yanzu ne ba a sakin sa, yanzu yake kamu. Kwashe kumfar nan."

Na ɗauki ludayi na shiga kwashe kumfa, idona na kan bulon. Ta ce in lura da yadda ƙwayoyin tafasar suka rage gudu suka yi manya, in saurari yadda ƙarar ta sauya. Duk abin da ta faɗa daidai ne, ko kuskure ɗaya babu.

"Kai mai tumbi, kawo faranti mai sanyi."

Atilano ya shiga kicin da gudu, na ji ya fasa wani abu, ya fito da faranti. Ta ɗiga dulsen a kai, ta jira, ta tura da yatsa. Ya gudu kamar ruwa.

"Da saura."

"Mama, don Allah," ya ce.

"Ni ba uwarka ba ce. Ja baya, kana tare mini haske."

Ban san minti nawa muka yi a haka ba. Na sa gefen takalmina na danne bulon, roba ta fara wari, zafi ya ratso har tafin ƙafata, ban ɗaga ba. Atilano ya samo buhunan algarara biyu ya naɗe hannuwansa, ya durƙusa a ɗaya gefen yana jira. Gumi na ɗiga daga haɓarsa duk da sanyin Yuli, watan hunturunmu.

Ta sake ɗigawa. Wannan karon da ta tura da yatsa sai saman ya tattare.

"Ya yi. Ku sauke, kada ku jijjiga mini shi."

Ta ja da baya da kanta, taku uku, ta zauna a kan benci. Atilano ya miƙo mini buhu ɗaya, muka kama hannuwan tukunyar. Ina ɗaga ƙafata bulon ya faɗi. Tukunyar ta yi wajena, ya tare da ƙarfi, dulse ya fantsamo masa a wuyan hannu. Bai saki ba, bai yi ƙara ba, sai da muka dire ta a ƙasa sannan ya ruga wajen famfo.

Na kai Mama ɗaki, na sa mata safa, na ba ta shayin mate da madara. Da na dawo na same shi zaune, hannunsa cikin bahon ruwa. Fatar ta saɓule kamar faɗin yatsu uku.

"Sau nawa irin wannan ta faru?" ya ce.

Na so in ce wannan ne na farko. Sai na gaya masa ranar da ta kunna gas ta bar shi, da ranar da aka tsinto ta a hanyar maƙabarta, da ranar da na riƙe ta ta ture ni na bugu da ƙofa.

"Kin yi mini ƙarya wata takwas."

"Na yi."

"Yau kuma ke kika hura wutar."

"Ni ce."

Na jira ya ce in haɗa mata kaya.

"Ba zan ɗauke ta a haka ba, tana ganina baƙo," ya ce. "Amma ke kaɗai ba za ki ƙara riƙe ta ba, kuma wannan ba shawara nake nema ba."

Ya yi sati biyu a gidan. Ya sa ƙyaure a rumfar da kwaɗo, ya samo wata bazawara, Ña Felipa, ta riƙa wuni da mu. Muka yi da shi cewa duk ranar da Mama ta sake fita hanya, zan kira shi in faɗi gaskiya. Ta fita a watan Disamba, na kira, kuma ni na raka ta gidan tsofaffin a Asunción.

Amma a ranar dulsen nan, bayan na gama ɗura kwalabe ashirin da shida, Mama ta leƙo daga ɗaki ta kira ni da sunana. Ta nuna Atilano da haɓa, yana tsakar gida yana waya da matarsa.

"Zunilda, wannan bawan Allah tun safe yake nan. An ba shi abinci kuwa?"

Na ce yanzu zan zuba masa.