Bahago a Ƙasar Ƙanƙara

Ƙurus, ƙurus, ƙurus. Abin da ya fito daga wayata ke nan wani dare da na farka shan ruwa na tarar da saƙon murya. Na ɗauka akuya ce ke taunar busasshen rogo. Sai can ƙarshe na ji haki, sannan muryar Bahago.

"Idi, ka ji? Ƙanƙara nake takawa. Na san irin wannan shirmen kake so."

Bahago baduku ne, maƙwabcina a Limancin Kona, katanga ɗaya ce tsakaninmu shekara arba'in da ɗoriya. Da matarsa ta rasu, 'yarsa Radiya da ke aikin jinya a Kanada ta zo ta tafi da shi. Ranar tafiyar ya ja ni zaure, ya rage murya.

"In na mutu a can, wa zai tsaya a kaina? Mijin Radiya mutum ɗaya ne. Ko sahu guda ba zai cika ba."

Shi kuwa mutum ne da jana'iza ba ta taɓa wuce shi ba a unguwar nan. Na ce masa Allah na nan. Ya ce ya sani, shi mutane yake tambaya.

Watannin farko saƙonninsa duk ƙorafi ne. Rana na faɗuwa mutum bai gama lazimin la'asar ba. Maƙwabci ya gan ka ya yi murmushi ya rufe ƙofa. Ni kuwa da na bar makaranta a aji huɗu, taswirar duniya kaɗai na riƙe a kai, sai in riƙa tambayarsa ko zakarun can na cara, ko watansu ya kai namu girma.

Wata Juma'a ya ga wani takalmi da ya yage ya buɗe baki a ƙofar masallacinsu. Ya jefa shi a jaka ya tafi gida. A nan unguwarmu haka ya saba yi. Duk wanda ya fito salla bai ga takalminsa ba, ya san ya leƙa zauren Bahago da yamma ya karɓe shi a ɗinke. Can kuwa mai takalmin, wani dattijo Basomale, da safa ya taka har mota. Kyamarar masallaci ta nuna komai. Radiya ta yi kuka don kunya.

"To me ka ce musu?" na tambaye shi.

"Da wane bakin? Ni da Turancina bai wuce tankiyu ba. Na dai ajiye masa takalmin a gabansa, na ɗinke shi tsaf da basillata. Ya juya shi, ya sake juyawa. Sai ya tuɓe na ƙafarsa ya miƙo mini."

"Ka ga ɓarawo ya samu ciniki."

"Uban ɓarawo. Kai dai Allah Ya shirye ka, Idi."

Daga nan aka ajiye masa kujera kusa da ma'ajiyar takalma, inda ɗumi ke fitowa daga bango. Ya ƙi karɓar ko sisi, sai suka koma kawo masa abinci. Yakan kwatanta mini: wata shinkafa da ake ci da ayaba, wani shayi mai gishiri. Ya koyi gaisuwa da harshe biyar, kuma a cewarsa duk biyar ɗin dariya suke yi masa.

Shekara uku yana haka. A damina ta bana muryarsa ta fara yin ƙasa. Saƙonsa na ƙarshe daga asibiti ne, gajere.

"Idi, ka taya ni godiya. Har yau ban iya sunan kowa ba, amma kowa Baba yake ce mini."

Bai ƙara tayar da maganar sahu ba. Ni ne na kasa daina tunaninta.

Ranar Laraba ya cika. Kashegari muna zaman makoki a gidansa, mijin Radiya ya turo bidiyon jana'izar. Na ƙirga sahun da yatsa, na kai tara, hoton ya yanke sauran. Baƙaƙe, farare, masu jan gemu, duk cikin manyan riguna. A maƙabarta wani dogon saurayi ya sauka cikin kabarin ya karɓe shi da hannu biyu. Da ya fito ya tsuguna a bakin kabarin yana kuka.

Na shiga da wayar cikin gida wurin mata. Batulu, maƙwabciyarmu ta ɗaya gefen, wadda ta san asalin kowa a birnin nan, ta karɓa ta kai ta dab da ido. Ta sa aka maimaita mata wurin saurayin. Matan suka matso.

"Malam Idi," ta ce, "wannan yaron da ya shiga ramin, ɗan gidan wa ne?"