Da'ira Goma a Ƙarƙashin Matashin Sabi'u

Suhaila 'yar Makka ce, a nan aka haife ta, a nan ta girma. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Sakkwato ya zo hajji ya zauna, shi ya sa har yau a gidansu na unguwar Aziziyya ana yin Hausa a kicin da wajen faɗa, sauran zance kuwa da Larabci ake yi. Ta karanta aƙida a jami'a. Da ta zo digiri na biyu sai malamarta, Daktora Manar, ta ɗora mata abin da sauran ɗalibai suka guje wa, wato sufancin Yahudawa, wanda su suke kira Kabbala. Aikinta shi ne ta bayyana abin da suke faɗa a kan halitta da Ubangiji da rai, sannan ta auna shi da ma'aunin Musulunci ta yi raddi. Dole ta sa ta koyi Ibrananci gwargwadon abin da zai ishe ta karatu.

Mahaifiyarta, Hajiya Mairama, ba ta so abin ba da fari, amma ita ba mai hana karatu ba ce. Wata rana suna tsinke ganyen mulukiya, wato lalo, ta ce Suhaila ta gaya mata me mutanen nan suke cewa. Suhaila ta ce a wajensu, kafin a yi komai babu kowa sai Marar Iyaka, haskensa ya cika ko'ina, har babu wurin da wani abu zai zauna. Sai ya janye haskensa ya bar fili. A cikin filin ya zubo haske a wasu mazubai goma, amma wasunsu suka kasa ɗauka suka farfashe, tartsatsin hasken ya warwatsu cikin duniya. Duk aikin alherin da ɗan Adam ya yi, in ji su, yana tsinto tartsatsin nan ne yana mayar da shi inda ya fito.

Hajiya Mairama ta yi a'uziyya, sannan ta tambaya wanda ba shi da iyaka ina zai matsa. Suhaila ta ce su kansu malamansu sun daɗe suna wannan gardama, wasu na cewa da gaske ya janye, wasu na cewa misali ne kawai. Uwar ta ce to Allah ya kyauta, ta ci gaba da tsinke ganyenta.

Waɗannan mazubai goma suna da zane. Da'irori ne goma da layuka suka haɗa su, kowace da sunanta: kambi, hikima, fahimta, jinƙai, hukunci, har zuwa mulki a can ƙasa. Suhaila ta zana nata a farar takarda don ta riƙa dubawa, ta rubuta sunayen da baƙaƙen Ibrananci, ta sa ma'anarsu da Larabci ƙanana-ƙanana da fensir. Wanda bai san abin ba, in ya gani zai rantse hatimi ne.

Akwai wata mata mai zuwa gidan, Ramlatu, wadda ta shigo daga Chadi tun tana amarya. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, Sabi'u. A unguwar Kudai take zaune cikin ɗakin haya, tana sayar da kuka da daddawa da yaji da turaren wuta, kuma ita ke kawo wa Hajiya Mairama kayan miya tun Suhaila na goye. Sabi'u ya girma ya zama saurayi mai kai wa mutane abinci a kan babur. A farkon Rajab mota ta kaɗe shi kusa da tashar bas ta Kudai, kansa ya bugu, aka kwantar da shi a asibiti bai san inda yake ba. Likitoci suka ce sun yi nasu, saura jira.

Ana cikin wannan jira Ramlatu ta zo gidan da hantsi. Ta rame, mayafinta ya yi mata yawa. Hajiya Mairama ta shiga kicin haɗa mata shayi, Suhaila kuwa tana falo tana tattara takardu za ta fita. Ramlatu ta ga zanen a kan tebur ta tambaya mene ne. Suhaila tana sauri, ta ce karatu ne, na Yahudawa, sunaye ne da suke jingina wa Ubangiji. Ta yi mata ya mai jiki, ta ɗauki mukullin mota ta fita. Da ta nemi zanen daga baya ba ta gan shi ba, sai ta ɗauka ya shige cikin wani littafi.

Ba a yi mako ba aka kira wayar Hajiya Mairama bayan azahar. Ramlatu ce, amma sai ta miƙa wa wata mata wayar. Matar ta yi magana da Larabci, ta ce sunanta Abir, ita ce mai kula da al'amuran majinyata da iyalansu a asibitin da Sabi'u ke kwance. Mai jinya ta zo canza zanin gado ta tarar da takarda a ninke ƙarƙashin matashin Sabi'u, da zane da rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Uwar yaron ta ce tata ce, ta ƙi faɗar inda ta samo, amma a bayan takardar akwai sunan wata Suhaila.

Kowa a Makka ya san zancen sihiri ba abin wasa ba ne. Magana in ta bar asibiti ta kai ga hukuma, ɗan ƙasa ma sai ya yi gumi, balle Ramlatu da take zaune da igama, takardar izinin zama da ake iya sokewa a sa mutum a jirgi. Hajiya Mairama ta zauna a bakin kujera ta ce wannan mata ta ja musu. Suhaila ta ji ranta ya ɓaci ƙwarai. Duk da haka ta ɗauki katin jami'a da babin da ta riga ta rubuta, uwar ta sa abayarta, suka tafi.

A ofishin Ustaza Abir suka tarar da Ramlatu a zaune a gefe, kanta a ƙasa. Takardar na kan tebur cikin leda, kamar abin da ake gudun taɓawa. Suhaila ta ce ita ta zana, ta nuna katinta, ta buɗe babin ta nuna irin wannan zane a ciki da bayaninsa. Ta bi da'irorin ɗaya bayan ɗaya tana karanta Ibranancin tana nuna fassarar fensir. Abir ta saurara ba ta katse ta ba. Da Suhaila ta gama sai Abir ta tambaye ta kai tsaye ko masu wannan ilimi ba sa yin sihiri da shi.

Suhaila ta so ta ce a'a a wuce wurin, amma ta san ba haka abin yake ba.

"A cikinsu akwai waɗanda suka yi layu da sunaye, kuma malamansu da yawa sun hana," in ji ta. "Amma wannan ba laya ba ce. Zanen karatu ne, yana cikin kowane littafin da aka rubuta a kansu. Ba ya warkarwa, ba ya cutarwa. Ni na bar shi a kan tebur, ita kuma uwa ce da ɗanta ke kwance."

Abir ta nemi lambar Daktora Manar ta fita da wayar. Ta daɗe. Da ta dawo ta ce malamar ta tabbatar, kuma ta ce a gaya wa ɗalibarta ta riƙa adana takardunta. Ba za a kai maganar gaba ba, amma Ramlatu za ta yi alkawari a rubuce cewa ba za ta ƙara sa komai a gadon majinyaci ba. Ramlatu ta dangwala yatsa. Abir ta zaro takardar daga leda ta miƙa wa Suhaila, ta ce kada ta sake ganin takardar a asibitin.

Suka hau sama duba Sabi'u. Yana kwance da bututu a hanci, an aske gefen kansa, ƙirjinsa na tashi yana sauka. Hajiya Mairama ta tsaya ta yi masa addu'a, sannan ta fita neman wurin yin la'asar. Suhaila ta rage da Ramlatu.

Nan ta faɗi abin da ke cikinta. Ta ce da an kore ta daga jami'a fa, da an sa ita Ramlatu a jirgi wa zai zauna da Sabi'u. Ramlatu ba ta kare kanta ba. Ta ce tun tana yarinya take jin cewa Yahudawa na da asirin da ba kowa ke da shi ba, kuma da ta tambaya ta san za a hana ta, shi ya sa ba ta tambaya ba. Ta ce ta yi istigfari tun daren da ta sa takardar, amma ta kasa cirewa.

Ta gyara wa ɗanta bargo, ta ce, "Ɗiyata, su waɗannan da kike karantawa, ina suka ce ran mutum yake in yana kwance haka? Ba ya nan, ba ya can."

Suhaila ba ta taɓa zaton za a yi mata wannan tambaya a wajen aji ba. Ta ce su a wajensu rai hawa-hawa ne. Akwai nefesh, wanda ke tare da jini da jiki. Akwai ruwah, mai motsa zuciya da hali. Akwai neshama, wanda suka ce numfashi ne daga sama. Ramlatu ta ce ai waɗannan kamar ta san su, Suhaila ta ce e, 'yan uwan nafsu da ruhu ne a Larabci. Ta ce suna cewa in mutum ya yi barci, na saman yakan tafi, a bar ɗan kaɗan a jiki yana riƙe da wurin har ya dawo.

"Mu fa?"

"Mu ma an gaya mana Allah na karɓar rayuka a barci, ya riƙe wanda ajalinsa ya yi, ya sako sauran. Bayan wannan, Inna, an ce rai al'amarin Ubangiji ne, abin da aka sanar da mu kaɗan ne. Su sun ƙara bayani da yawa, amma ba wanda ya je ya gano."

Ramlatu ta ɗora tafin hannunta a ƙirjin Sabi'u ta bar shi a nan. Ta ce to ko ma dai yaya ne, akwai wanda ke riƙe da wurin. Suhaila ta rasa ko da maganar wa matar ta samu natsuwa, da tasu ko da ta waɗanda aka ba ta ta yi wa raddi. Abin ya tsaya mata a rai har gida, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Azumi ya zo ya wuce Sabi'u na kwance. Bayan ƙaramar Salla ya fara buɗe ido, daga baya ya fara bin mutane da kallo. Labarin takardar ya riga ya zaga Kudai, har mata biyu suka zo Aziziyya da wata siga, suna son a zana musu irinta. Hajiya Mairama ta ba su shayi ta sallame su. Ramlatu da kanta ta bi su har gida ta gaya musu takardar ta bar asibiti tun Rajab, yaron kuwa sai Shawwal ya farka, su ji tsoron Allah su bar yarinya ta yi karatunta.

Sabi'u bai koma yadda yake ba. Hannunsa na dama ya shanye, ƙafar ma sai da sanda, babur kuwa an gama da shi. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne bakinsa. Saurayin da a da ko uwarsa ta yi masa Hausa da Larabci yake amsawa, da magana ta fara dawo masa sai ta dawo da Hausa, kalma ɗaya-ɗaya, Larabcin kuwa ya ƙi fita. Likita ya ce hakan na faruwa, harshen da aka fara ji a goye wani lokaci shi ke riga dawowa. Matsalar ita ce mai koya masa magana ba ta jin Hausa, Larabcin Ramlatu kuma na kasuwa ne. Ustaza Abir ce ta tuna da Suhaila ta kira ta.

Haka Suhaila ta riƙa zuwa duk Talata tana tafinta, abin da ya ja rubutunta ya yi jinkiri har Daktora Manar ta yi ƙorafi. Mai koyarwar takan ɗaga hoto, Sabi'u ya faɗi sunan abin, Suhaila ta ce daidai ne ko ba daidai ba. Ranar farko an nuna masa ƙofa ya faɗa, an nuna akuya ya faɗa. Aka ɗaga hoton kofin shan ruwa mai mariƙi. Ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi, sannan ya ce moɗa.

Suhaila ba ta taɓa jin kalmar ba. Ta gaya wa mai koyarwar cewa kamar ya kuskure. Ramlatu, da ke zaune a bakin ƙofa da ledar kayan miyan da za ta kai wa wata, ta ce bai kuskure ba, abin ɗiban ruwa ne daga randa, da shi take ba shi ruwa yana ƙarami. Suhaila ta fassara, mai koyarwar ta yi alamar daidai, ta ɗauko hoto na gaba.