Ramin Bayan Gidan Dabo

Ranar Litinin duba-gari ya zo gidan Dabo a Gammo, ya ga ruwan wanka yana malala a lungu, ya ce a haƙa rami ya riƙa zuba ciki. Dabo ya haƙa. Ranar Alhamis Zinnira, ma'aikaciyar lafiya mai yaƙi da sauro, ta ce a cike duk ramin da ruwa ke kwanciya.

Dabo ya dafe kai. "Malama, in haƙa ne ko in cike?"

"Baba, wa ya sa ka haƙa?"

"Abokin aikinki mana."

Ita ma ta ruɗe, ta kira shi a waya. Ashe murfi ya manta bai ambata ba. Dabo ya sa murfin siminti, yana ta mita bai san wanda zai zo gobe ba.