Saura Maki Biyu

Tun kafin a fara wasa mai fenti ya zo ya zauna a gindin allon da ke bangon zauren, da gwangwaninsa da buroshi. Sunan da ke saman allon ya shekara goma sha tara ba a taɓa shi ba, sunan wadda ta fi kowa cin maki a tarihin ƙwallon kwandon matan jami'armu. Ranar ake sa ran kyaftin ɗinmu Doguwa za ta ture shi, kuma shi ne wasanta na ƙarshe. Wanda ya kira mutumin nan da wuri, har yau ina jin haushinsa. Ana wasa, kowa na satar kallon gwangwani.

Ni 'yar aji ɗaya ce, Auta suke ce mini. Aikina ɗaukar buhun ƙwallaye, in na shiga fili kuma in nemo Doguwa in miƙa mata. Kullum wajen atisaye faɗanta ɗaya: "Auta, in kin ga mutum biyu a kaina, to akwai wadda ba kowa a kanta. Ki daina kallon fuskata." In ce, "To, Yaya," an jima in sake miƙa mata. Shekara huɗu tana wannan fili da gwiwa ɗaure, ni wace ce?

Saura sakan goma sha ɗaya a tashi, an fi mu da maki ɗaya, Doguwa kuma saura mata maki biyu ta ture sunan da ke kan allo. Koci ta nemi hutu ta tara mu. Mai raba mana ƙwallo ta gurɗe ƙafa, don haka Koci ta nuna ni da alƙalami.

"Ke za ki kai ƙwallo. Kin san wajen wa."

Na sani. Matsalar ita ce abokan karawarmu ma sun sani, har mai fenti ya sani, don ya buɗe gwangwaninsa.

Aka busa usur. Na tsallaka tsakiyar fili, sai na ga sun rufe Doguwa, ɗaya gaba ɗaya baya. Wadda ya kamata ta tsare ni ita ce ta gaban. Tsakanina da kwando fayau, ko kare babu. Zauren kuwa sunanta kawai yake kira.

Saura sakan shida. Na kalli fuskarta, na jefa mata.

Yadda ta cafe ƙwallon a tsakanin hannaye huɗu, Allah kaɗai ya sani. Ta ɗaga kai ta dubi kwando. Na taɓa ganin ta ci irin wannan, na kuma taɓa ganin an doke mata. Sai kawai ƙwallon ta dawo mini a ƙirji da ƙarfin da ya kusa kada ni.

"Jefa, don Allah! Jefa!" ta daka mini tsawa.

Na jefa. Ƙwallon ta daki bakin kwando, ta zagaya, ta yi kamar za ta fito, ta faɗa ciki. Ƙararrawa ta buga.

'Yan benci suka yo kaina da ihu, ni kuwa ba murna a raina, kunya ce ta rufe ni. Ta tsakanin kafaɗunsu na hango mai fenti yana mayar da murfin gwangwaninsa, yana danna shi da dunduniyar hannu.

Doguwa ta ratso su tana ɗingishi, ta kama ƙeyata.

"Yaya, ki yafe mini," na ce.

"Me zan yafe, shashasha? Sau nawa zan gaya miki? Mutum biyu a kaina kika miƙo mini! Wallahi gobe in kika sake..."

Babu gobe, ni da ita duk mun tuna a lokaci ɗaya. Ta saki ƙeyata.

"Je ki ɗauko buhun ƙwallayenki," ta ce, ta juya kafin in ga idonta.