Cidar da Ta Fito daga Rijiya

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da ɗaukar ciki, ita ce shekarar da masaƙar da Nababa yake aiki a Kano ta rufe. Shi ba saƙa yake yi a can ba. Kamfanin yana da ƙungiyar mabusa da ake fito da su in manyan baƙi sun zo, Nababa kuwa shi ne mai tuba, wani ƙaton ƙaho na tagulla mai naɗi kamar hanji, wanda bakinsa ya kai faɗin daro. Ranar da aka yi gwanjon kaya, tuba kaɗai ta rasa mai so. Manaja ya ce da shi, "Ɗauki abarka ka tafi." Haka ya dawo ƙauyensu da ke yamma da Makoɗa, matarsa Hure da ƙunshin kaya a ka, shi kuma rungume da tuba.

Zama ya gagare shi. Da safe sai ya je gona, ya tarar ganyen gero ya nannaɗe, ya juyo. Ya je dandali inda maza suke zaune suna kallon gabas, kafin a gama gaisawa ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya goge tuba, ya fito, ya sake komawa.

"Malam, ka zauna wuri ɗaya mana," in ji Hure. "Kana sa ni jiri."

Ranar kasuwar Makoɗa ya tafi rumfar Hadi mai gyaran rediyo, abokinsa tun na ƙuruciya. Hadi yana da rakoda mai ɗaukar murya, wadda yake zuwa da ita gidajen biki a da, lokacin da ake biki.

"Duk zamana a kamfanin nan," in ji Nababa, "sauti biyu ake bari na in fitar. Bum, bum. Bum, bum. Alhali abar nan tana da muryoyin da ba wanda ya taɓa ji. In na yi gurnani a cikinta ina busawa, sai ka ji kamar mutum biyu suna gardama. In na zuba mata ruwa kaɗan, sai ta riƙa kurkure. So nake mu ɗauka a kaset."

"Wace waƙa ce?"

"Ba waƙa ba ce."

"To wa zai yi rawa da ita?"

"Ba kowa."

Hadi dai ya ce zai zo da batir.

Akwai wata tsohuwar rijiya a bayan gari da ta ƙafe ƙaf a wannan shekara. Nababa ya taɓa yin tari a bakinta ya ji yadda ta mayar masa, tun daga ranar take ransa. Bayan azahar suka je. Hadi ya ɗaura rakoda a igiyar guga ya zura ta ciki. Nababa ya durƙusa, ya karkata bakin tuba zuwa ramin, ya cika ƙirjinsa, ya saki sauti mafi ƙasa da yake da shi.

Rijiyar ta haɗiye sautin, ta jujjuya shi, ta amayo shi ya ninka. Ƙasa ta yi rawa a ƙarƙashin gwiwoyinsa. Ya ƙara, yana gurnani, yana kaɗa harshe, yana dukan jikin tagullar da zobensa. Idonsa a rufe yake. Rabon da ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau haka tun yana Kano.

Hadi ne ya dafa kafaɗarsa. "Tsaya. Saurara."

Daga cikin gari ake jin ihu da guɗa. "Cida! Hadari ya taso!" Mata suna fito da tuluna da kwanoni suna jerawa a ƙarƙashin indararo. Maza sun bar dandali sun yi bayan gari a guje suna ɗaga kai. Sama kuwa fes take, ko ɗigon gajimare babu. Suka bi sautin har bakin rijiya, suka tarar da Nababa a durƙushe da tagullarsa.

Ba wanda ya zage shi. Da ma an zage shi da ya fi masa sauƙi. A bayan taron akwai Baba Sama'ilu, tsohon da idonsa ya mutu, ya lallabo da sandarsa, tafin hannunsa ɗaya a buɗe yana jiran ɗigo.

"Ya fara sauka?" ya tambaya.

Wani ya raɗa masa abin da ya faru. Tsohon ya rufe hannunsa a hankali. "Nababa ne? Allah ya shirye ka, ɗana. Har na yi hamdala."

Da la'asar mai unguwa ya aiko cewa kada a sake busa abin nan a garin sai an ga kaka. Nababa ya ce ya ji. Ya shiga gida ya tarar Hure tana mayar da tuluna ɗaki, ba ta ko dube shi ba. Ya zagaya tsakar gida, ya fita, ya dawo, ya ce da Hadi, wanda ke zaune a zaure da rakodarsa, ya goge kaset ɗin yanzu-yanzu.

"Bari dai mu ji abin da za mu goge," in ji Hadi, ya danna.

Rurin ya cika zauren. Ba kamar busa ba, kamar wata babbar dabba tana juyi a ƙarƙashin ƙasa. Can sai ga muryoyin gari sun shigo daga nesa, sun gangaro cikin rijiyar sun cakuɗe da tuba: ihu, ƙarar kwano, kabbara, da wata guɗa doguwa mai kaifi da ta hau saman komai. Sai tuba ta tsaya, sawun mutane suka matso, sai shiru.

Hure tana tsaye a bakin zaure da tulu a hannu. "Guɗar nan tawa ce," ta ce. "Ban san har yanzu ina da ita ba." Ta ajiye tulun. "Ka cuce mu yau, Malam. Amma kada ka goge. Mayar da shi baya in sake ji."

Hadi ya kwafi kaset ɗin ya ba wasu direbobi. Yawancinsu suka dawo masa da shi suka ce ya lalace. Wani malamin makaranta daga Bagwai ne kaɗai ya zo yana tambayar wane ne ya yi, da ko akwai wani.

Ruwa ya dawo a makare, abin da aka girbe bai cika rabin rumbu ba. Kafin sanyi ya shigo Nababa ya sami aikin buga bulo a Ungogo, inda gine-gine ke cinye gonaki. Ya riga ya fara tunanin yadda tuba za ta yi amo a ɗakunan da ba a yi wa rufi ba. Ranar tafiya kwandasta ya rantse ba za ta shiga cikin bas ba, aka ɗaure ta a sama tare da buhunan gyaɗa, bakinta yana kallon gaba.

Suna hawa kwalta iska ta shiga cikinta. Wani siririn kuka ya taso daga saman motar, yana hawa yana sauka. Fasinjoji suka fara salati, direba ya taka birki yana leƙen taya.

"Ba motarka ba ce," in ji Nababa, ya riga ya zura kansa ta taga. "Don Allah, direba, ƙara wuta kaɗan in ji."

Hure ta kama gefen rigarsa ta riƙe.