Zomaye Sittin da Biyu

Shekara goma sha tara na yi ina auna zafin jikin zomaye a wani kamfanin haɗa magunguna da ke bayan garin Alƙahira. In an gama haɗa ruwan allura, sai in ɗiba in zura wa zomo ta jijiyar kunne, in sa masa ma'aunin zafi, in jira awa uku. In zazzaɓi bai kama shi ba, magani ya yi kyau, a fitar da shi.

Wata Lahadi shugaban sashenmu, Dakta Rafat, ya ajiye mini takarda a kan tebur.

"Madam Nagwa, kwamitin kula da dabbobin gwaji ya fito da sabon salo. Wai kafin su sabunta mana izini, sai mun nuna mun duba ko akwai hanyar da ba ta buƙatar dabba. Leƙa kwamfuta ki rubuta musu layi biyu, ki ce babu."

"In kuma akwai fa, Dakta?"

"Da akwai, da ni da ke mun tsufa muna shaƙar fitsarin zomo?"

Na buɗe rumbun mujallun bincike. Na rubuta zomo, na rubuta zazzaɓi, na rubuta madadi. Takardu fiye da ɗari uku suka fito. Kafin azahar na karanta bakwai, duk bakinsu ɗaya: a ɗebi jinin mutum kaɗan, a zuba a faranti mai ƙananan ramuka, a ɗiga maganin, ƙwayoyin jinin za su nuna abin da zomo yake nunawa. Na duba shekarar da aka buga mafi tsufa a cikinsu. Tun kafin a ɗauke ni aiki ne.

Na jira in ji wani abu a raina, ban ji ba. Na ci burodina da dafaffen wake, na goge yatsu, na ci gaba da karatu.

Ranar Alhamis na kai masa shafi goma sha ɗaya. A tsaye ya karanta.

"Layi biyu na ce, kin kawo mini littafi." Ya sake juya shafi. "Amma masu sayen maganinmu a ƙetare za su so wannan."

Bayan wata bakwai aka kawo na'urar gwajin jinin, aka koya mini aiki da ita. Saura zomaye sittin da biyu a keji. Baba Shahata, tsohon da yake ba su abinci yana share musu ɗaki, ya je ya sami Dakta, ina tsaye.

"Ranka ya daɗe, a ba ni su in kai ƙauyenmu a Fayyum. Akwai ciyawa, akwai fili."

"Baba, dabbar da aka yi wa allura ba ta fita daga ginin nan da rai. Ba ni na kafa dokar ba."

Aka sa ranar kashe su. Ni aka ba aikin, don hannuna ne ya fi sanin jijiyar kunne. Baba Shahata yana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, yana riƙewa, ina yin allurar. Ba sa kuka. Su ɗan miƙe ƙafa, shi ke nan.

Wajen na arba'in ya ce, "'Yata, karatunki ya yi rana. Kin nemo musu hutu."

"Riƙe kan sosai, Baba, yana motsi."

Mun gama kafin la'asar. Na wanke hannu, na sa hannu a takarda, na shiga ƙaramar bas ɗin da nake shiga kullum. Muna tsaye a cunkoso ƙanwata Sausan ta bugo waya.

"Yaya, gobe Juma'a ki zo da wuri. Miyar lalo zan yi da zomo, irin ta Mama."

Na dubi bayan wuyan direba, gumi yana gangarowa cikin rigarsa.

"Yaya, kina ji na?"

"Ina ji. Me zan taho da shi?"

"Lemon tsami kawai."

Na ce to. A tashar gaba na sauka na saya.