Shingen Ƙarya

Igiyar takalmin mai horaswa ɗaya baƙa ce, ɗaya ruwan ƙasa. Ita Yaya ta tsura wa ido tun safe, don ba ta iya kallon fuskarsa. Tsohon soja ne, kowa Kyaftin yake ce masa, kuma a bakinsa za a ji wanda zai tafi aikin sa kai a ƙasar waje da wanda zai koma gida.

Yaya ma'aikaciyar jinya ce, tafiyar ba ta taɓa ba ta sha'awa ba. Ƙanwarta Auta ce ta kafe sai ta je koyar da yara a can. Da mahaifiyarsu ta ga babu mai tanƙwara ta, sai ta kama hannun Yaya ta ce, "Ki bi ta. Kada ta kwana a wata ƙasa ba ke kusa."

Da safe an koya musu tace ruwa da yadda ake shiga gidan mutane. Wani dattijo mai furfura a gemu ya zauna a matsayin mai masauki, duk wanda ya yi gaisuwa a tsaye sai ya kore shi da tsintsiya. Auta ta yi dariya har da hawaye.

"Yaya, ke kam sai an kore ki sau goma. Gaisuwarki kamar ta mai ba da allura."

"Rufe min baki, uwar surutu."

Bayan cin abinci Kyaftin ya tara su a gindin bas.

"Za a tare ku a hanya," in ji shi. "Wasa ne, amma ba zai yi kama da wasa ba. Aka ce ku durƙusa, ku durƙusa. Aka ce kawo waya, ku miƙa. Wanda ya ɗaga hannu a kan mai bindiga ya kashe kowa a motar, kuma ba zan tura shi ko'ina ba."

Bas ɗin ta zagaya bayan rumbun kaya. Tayoyi ne aka jera a tsakiyar hanya da katako mai ƙusoshi. Kafin direba ya gama taka birki, mutane masu rufaffun fuskoki sun dirar wa motar, suna dukan ƙarfenta da gindin bindiga.

"Ƙasa! Kowa ƙasa, 'yan banza!"

Aka fizgo direba ta wuyan riga aka kifa shi. Yaya ta durƙusa a kan tsakuwa, gorar ruwanta ta ƙarfe a hannu, tana ta faɗa wa kanta bindigar roba ce. Wani ya taka mata yatsu, ta haɗiye.

Auta ce ta ƙarshe a fitowa. Ɗaya daga cikinsu ya damƙi kafaɗarta ya finciko ta, ƙafarta ta zame, haɓarta ta bugi matakalar motar. Jini ya cika mata baki. Ta saki wata 'yar ƙara siririya, irin wadda take yi tun tana goye.

Yaya ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta maka wa mutumin gorar a kunne. Ya juyo, ta ƙara masa a hanci, ta ji ƙashi ya ba da sauti. Ya faɗi, ta bi shi ta danne ƙirjinsa da gwiwa tana ta kirɓa. Usur ɗin Kyaftin na ta ƙara, ba ta ji. Sai da maza biyu suka ɗaga ta sama tana harbin iska.

Aka yaye ƙyallen fuskar. Dattijon nan ne mai tsintsiya, gemunsa ya jiƙe jajir, ido ɗaya ya rufe.

"'Yata," ya ce da ƙyar, "zamewa ta yi. Wallahi tare ta zan yi."

Yaya ta durƙusa ta tallafe kansa, ta danne inda ya tsage har motar asibiti ta iso.

Kyaftin bai ɗaga murya ba.

"A can da yanzu gawarwaki nake kwasa. Ƙanwarki za ta tafi. Ke ba za ki ba."

"Ranka ya daɗe, jini na gani a bakinta."

"Can ma za ki gani."

Ta waiga. Auta na nan durƙushe inda ta faɗi, hannuwa a ka kamar yadda aka koya musu, jini na ɗiga a rigarta.

"Ni na kira ki?" Auta ta ce, muryarta na karyewa. "Yaya, na kira ki ne?"

Wata mai horaswa ta zo da auduga ta zauna gaban Auta, sauran suka kewaye su. Yaya ta tsaya tana kallon hannun matar, ta ga lallai matar ta iya aikin. Ta goge tafinta a jikin siket, ta bi gefen rumbun ta nufi ƙofar fita.